Lahadin Baba, Unguwar Inna

A ƙasar Makoda ta ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar na 1980, duk buƙatar da ta fi ƙarfin mai tebur na ƙofar masallaci Lahadi take jira. Kananzir ya yi ƙasa, a lallaɓa zuwa Lahadi. Batirin rediyo ya yi sanyi, tayar keke ta tsage, an yi haihuwa a dangi ba a tanadi goro ba, duk sai Lahadi. Ita ce ranar kasuwar Ɗambatta, kamar yadda take har gobe. A lokacin Makoda ba ta zama ƙaramar hukuma ba, sai a shekarun 1990 aka yanke ta, aka ajiye hedkwatarta a Koguna. Kafin nan dukkanmu talakawan Sarkin Bai ne, Alhaji Muktari Adnan, hakimin Ɗambatta, don haka kasuwa da asibiti da tashar mota duk hanya ɗaya suka haɗa. Magidanci in ya fita sau ɗaya a mako, sai ya tattara hidimar kwana bakwai ya sauke ta a yini guda, tasa da ta iyalinsa da ta maƙwabta.

Wanda ya tashi ya tarar da babur zai yi mamakin yadda 'yar wannan tafiya take cinye wa mutum hantsi sukutum. Laifin na jama'a ne, nisan bai taka kara ya karya ba. Ƙasarmu ba ta da daji a tsakani. Gona ce ke bin gona, iyakarsu layin gamba ko na aguwa, ga gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a warwatse, kowace bishiya da mai ita. Burtali kaɗai aka bar wa shanu. Ba ka yin wata tafiyar kirki ba ka tarar da danga da rumbuna ba, kuma da wuya a ce gidan babu wanda kuka haɗa jini ko aure da shi. Ba a wuce ƙofar gidan na gaba a kan keke a ɗaga hannu. Sauka ake yi, a tuɓe takalmi, a durƙusa, a tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi, a jira shi ma ya tambaya. In yana da saƙo kuma ya ɗora maka.

Hidimar Lahadi tun daren Asabar take farawa. Matan aure a wajenmu ba sa cin kasuwa, sai tsofaffi da zawarawa da matan Fulani masu nono. Amma kusan kowace mace da sana'arta a cikin gida: wata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wata daddawa, wata fura, wata saƙar faifai. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1967, ta nuna cewa cinikin da mata suke yi daga cikin gidaje ta hannun yara kasuwa ce babba wadda baƙo ba ya gani. Abin da ta tarar can shi ne a gidanmu. Jarin wannan kasuwa kuwa a aljihun maza yake zuwa Ɗambatta ya dawo.

Bayan sallar isha'i Baba yakan zauna kan tabarma a ƙofar turakarsa, fitilar ƙwai a gefe. Inna ce take fara zuwa, ta tsuguna nesa kaɗan.

"Malam, kalwa kwano uku. A duba mini da kyau, ta makon jiya rabinta tsakuwa ce."

"To."

"Sai kwanon samira guda, mai murfi, irin na rannan."

"Wannan kuma na mene ne?"

"Malam ke nan. Yarinya fa girma take yi."

Ba ya ƙara cewa komai. Ya san da ribar ƙuli ake tara kayan ɗakin yayata, kwano ɗaya yau, tasa ɗaya wata mai zuwa, tun ba a san wanda zai zo neman aurenta ba. Abokiyar zaman Inna, wadda muke kira Iya, ta kawo nata: gyaɗa, gishiri, ashana. Gwaggo, ƙanwar Baba da take zaune a gidan tun rasuwar mijinta, ta ce a nemo mata man zafi. Sai sallamar yaran maƙwabta ta fara shigowa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, in ji Innarmu tana gaisuwa, wai don Allah a sayo mata kanwa ungurnu ta sule biyu, da zare baƙi."

"Ka ce ina amsawa. Kawo."

Kowane kuɗi a ƙulle yake zuwa, a ɗan tsumma ko yankin atamfa. Baba yana karanta ajami sarai, amma ban taɓa ganin ya rubuta saƙo ba. Launin tsumman shi ne sunan mai shi. Jan na Iya, mai zanen ganye na matar liman, shuɗin na tsohuwar bayan gida. Ba ya kwance ko ɗaya, ba ya haɗa kuɗin wata da na wata, ko da kuwa haɗawar za ta sauƙaƙa masa canji. Naira ta shigo tun Janairun 1973, amma lissafin manya bai bar sule da fam ba: kwabo goma sule ne, naira biyu fam guda. Takardar naira ashirin mai hoton Murtala, wadda ta fito a 1977, sai a wajen masu shanu ake ganinta.

Da asuba ana idar da salla za a ɗora wa jaki mangala. In kaka ce buhun wake ne ko gero. Gyaɗa ta ja baya tun annobar da ta kama ta a 1975, bayan farin 1973 da ya riga ya karya mutane. In bazara ce kuma, rumbu ya yi ƙasa, akuya ce za ta bi mu tana turjiya. Lahadi babu boko, amma akwai allo, saboda haka yaron da za a tafi da shi sai an nema masa izini wajen malam tun jiya. Mu maza juyi-juyi ake yi da mu. Aikin ɗan rakiya shi ne korar jaki da tsaron kaya, sai kuma wani aikin da ba a faɗa masa ba. Muna cikin tafiya sai Baba ya ce, "Ƙullin shuɗi na wa?" Ka faɗa. "Me ta ce a sayo?" Ka faɗa. In ka yi tuntuɓe ba ya faɗa, sai ya maimaita maka, ya bari ku wuce gona biyu ya sake tambaya.

A hanya za a tsaya gidan Kawu, wan Inna, a gaishe shi, ya ce in an ga mai maganin shawara a karɓo masa. A ratse gidan da aka yi rasuwa cikin mako a yi addu'a. A wani gidan Baba ba ya shiga, sai ya tura ni in gaida mutanen ciki, don surukansa ne, akwai kunya. Can gaba sai ya nuna wata gona da haɓa ya ce, "Ka ga waccan mai ɗorawa biyu? Ta kakanka ce, jingina take." Babu ranar da aka zaunar da ni aka karanta mini dangi. A kan wannan hanya na san wanda muke bi da wanda yake bin mu, da gidan da ake shiga kai tsaye da wanda ake tsayawa a zaure. Kafin mu hau titin Kano zuwa Daura, wanda ya ratsa Ɗambatta ya wuce Kazaure, ƙulli biyu ko uku sun ƙaru a aljihu, mun kuma zama ayari: masu jakuna, masu kekuna Rali da Fonis, masu amalanke, ga a-kori-kura tana wucewa da mutane a tsaye an cika ta har wuya.

Cin kasuwa yana da tsari, wanda bai iya ba sai magariba ta riske shi da rabin saƙo. Abin da zai ɗau lokaci a hannun wani shi ake fara ajiyewa: yadi wajen tela, rediyo wajen mai gyara, taya wajen mai faci. Daga nan sai sayarwa, don kuɗin da ke aljihu na mutane ne, Baba ba shi da ko kwabo nasa sai ya sayar da abin da ya kawo. A kara, wato kasuwar dabbobi, ba a ciniki kai tsaye. Dillali ne zai karɓi igiyar akuya, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya taɓa ƙugu, sannan ya nemo mai saye.

"Nawa aka taya, Alhaji?"

"Fam shida."

"Albarka."

"Haba Malam, dubi kasuwar yau. Awaki sun yi yawa."

"Albarka dai. Ba yunwa ta koro ni ba."

Yunwa ce ta koro mu, ni da shi duk mun sani, amma haka ake faɗa. A ja, a saki, dillali ya je ya dawo, har a kai inda Baba zai yi shiru ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "Na sallama. Allah ya sa albarka." A cire la'ada a ba dillali, wanda shi ne shaida in wata rana aka ce dabbar ta sata ce. Kafin 1979 kuɗin farko da ake warewa daga cinikin kaka na haraji ne, a ajiye wa mai unguwa. Shekarar da gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, mutane sun daɗe suna ware kuɗin bisa sabo, sannan su tuna babu mai zuwa karɓa.

Sai an gama wannan ake shiga sayayya, a fara da marar nauyi a ƙare da mai nauyi. A nan ake kwance ƙulli, ɗaya bayan ɗaya. A sayi abin mai shi, a mayar da canjinta cikin tsummanta, a sake ƙullewa kafin a taɓa na gaba. Wajen masu kalwa Baba yakan tsoma hannu har ƙasan buhu ya ɗebo, ya watsa a tafin hannu ya hura. In mai awo ya cika kwano ya tsaya, sai ya ce, "Ina gyara? Mai kayan tana gida tana jira." Wajen 'yan goro a buɗe huhu a ɗaga ganye, ya zaɓi ƙwarya guda, wato goro ɗari, yana ware mai tabo. Kwanon samira ne kawai yake saye a gurguje, yana waige kada abokansa su gan shi a layin kayan mata, amma duk da haka sai ya ƙwanƙwasa shi da farce ya duba gindinsa.

Tsakanin azahar da la'asar akwai abin da ba saye ba ne ba kuma sayarwa ba. A sha fura wajen Bafulatanar da aka saba da ita. A zauna gaban wanzami a yi aski. A leƙa asibitin Ɗambatta a duba ɗan ƙauyenmu da aka kwantar, a ajiye masa 'yan kuɗi ƙarƙashin matashi. In akwai wasiƙa zuwa ga wani da ya tafi cin rani kudu, gidan waya a rufe yake ranar Lahadi, sai a nemi direban babbar motar da ke lodin shanu zuwa Legas a damƙa masa, a faɗa masa unguwar da sunan mai masauki. A biya ta wajen tela da mai rediyo a karɓi abin da aka bari, ko a karɓi alkawarin mako mai zuwa. Ƙarshen komai tsaraba: rake, alewa, ƙosan rogo. Uban da ya dawo daga kasuwa hannu rabbana, ko me ya sayo wa gida, a wajen yara bai je ko'ina ba.

Yinin ba ya ƙarewa sai an yi lissafi. Bayan magariba a shimfiɗa tabarmar jiya, a zazzage mangala, yaran maƙwabta su dawo. Kowa a ba shi kayan uwarsa da tsummanta, a faɗa masa da baki: "Ka ce kanwa ta sule biyu, zare sisi, ga canjinta a ciki." Abin da ba a samu ba, kuɗinsa ya koma yadda ya zo. Gyaran da mai awo ya ƙara na mai kaya ne, ɗan aike ba ya taɓawa. Akwai wani maƙwabcinmu da ɗan sane ya yanke wa aljihu a cikin turmutsutsun 'yan hatsi, ƙullin mata ya tafi gaba ɗaya. Bai dawo ya ba da labari ba. Komawa kara ya yi ya karyar da tunkiyar da ya saya da safe, ya sayi saƙon kowa, sai bayan kwanaki maganar ta fito daga bakin dillali. Matan da kansu suka harhaɗa masa abin da ya sawwaƙa.

Inna kuwa tana gefe tana sauraro, kunnenta na wajen farashi. Nawa kwanon gyaɗa ya kai, nawa kwalbar mai, gero ya hau ko ya sauka. A daren za ta yanke shawarar ko ƙulin gobe zai rage girma. Matar da ba ta taɓa taka kasuwar Ɗambatta ba tun da aka kawo ta gidan ta fi wasu masu zuwa duk mako sanin yadda kasuwar take ci.

Ita ranar Inna ba ta da gurbi a mako. Haihuwa ce ko aure ko rasuwa ke kawo ta. Tun saura kwanaki za ta nemi izini: "Malam, ranar Talata nake so in je unguwa, sunan jikar Yaya." In ranar girkinta ce ta roƙi Iya su yi musanye. Ana gobe za a yi surfe, a yi kitso, a ƙunsa lalle. Ranar kuwa tun kafin kiran assalatu ta tashi, don masu sayen ƙuli ba su san da wani suna ba. Ta soya, ta ƙirga, ta jera wa yayata a faranti ta faɗa mata gidajen da ba a ba su bashi. Ta ware zubin adashi ta aika. Sannan ta tura ni gida-gida in karɓo bashin mai, da saƙo iri ɗaya: "Wai in ji Inna, yau tana da biki."

Kowace mace ta san nauyin wannan magana. Biki tsakanin mata bashi ne mai tsari. Wadda ta kawo miki sule biyar ranar sunanki, ranar nata naira guda za ki kai, ita kuma in naki ya sake zagayowa ta ninka, har sai abin ya yi nauyi a yi shawara a dawo ƙasa. Babu takarda, babu shaida, amma babu wadda take mantawa. Macen da ta yi fashin biki sau ɗaya, ranar da hidima ta same ta za ta ga tsakar gidanta fayau.

Wajen hantsi ayarin mata yake fita, a jere, kowace da ƙwaryar hatsi a ka an rufe da faifai, goyo a baya, mayafi har ƙasa. Ɗan rakiya yana gaba, ko shekararsa bakwai, tunda namiji ne. Ba sa bi ta dandali inda maza suke zaune, ta bayan gidaje suke zagawa su faɗa hanyar gona. Su ma ba sa miƙewa kai tsaye. Matar da ba ta fita sai da dalili, in ta samu fita ɗaya sai ta biya duk bashin ƙafa da ke kanta: barkar da ba ta je ba, gaisuwar rasuwar da aka yi tun damina, dubiyar tsohuwar da ta karye. Zumunta a ƙafa take, ita kuwa ƙafar ba kullum ake ba ta hanya ba. A kowane gida a kawo ruwa, a ce "ku zauna mana ku huta," su ce "a'a, rana tana yi," su kuma zauna.

A gidan suna maza sun gama nasu tun da safe, an raɗa suna, an yanka rago, wanzami ya yi aski. Daga azahar gidan na mata ne. Guɗa, kiɗan ƙwarya, tukwanen tuwo a jere, mai jego a ɗaki an sha kwalliya. Akwai tsohuwar da take zama kusa da ita tana karɓar abin da aka kawo tana faɗa da ƙarfi, wance kwano biyu da sabulu, wance naira guda da rigar jariri, don kowa ya ji ya riƙe. Mu yara muna can muna wawar ƙashi, amma na girma na gane cewa rabin abin da ake yi a wannan tsakar gida ba shagali ba ne. A nan Inna take karɓar kwasar adashinta. A nan take ƙare wa 'yan mata kallo saboda ɗan wanta da ya isa aure. A nan ake jin wadda ta yi yaji, a shirya wanda zai je biko. Maganganu da yawa da maza suke zama a zaure su ce sun yanke, a irin wannan rana aka riga aka dafa su.

Su dawo da magariba ko bayanta, ƙafa fari fat da ƙura, ƙwarya cike da tuwon suna da ɗan nama. Ta sauke goyo, ta karɓi cinikin talla ta ƙirga, ta je ta gaida Baba ta ba shi labarin wanda ya ce a gaishe shi. Gobe kuma girki biyu ke jiranta, nata da wanda ta ranta.

Fita ta gida gaba ɗaya, uba da 'ya'ya don kallo kawai, sai da Salla. Mafi sauƙi a je bakin dam ɗin Tomas, wanda aka gina a shekarun 1970, yaran da suka saba da rijiya da kududdufi su ga ruwan da ba a hango ƙarshensa, a sayi soyayyen kifi a dawo. Shekarar da kaka ta yi kyau kuma a shiga birni a a-kori-kura, a ga Hawan Nasarawa, a je gidan zu na Audu Bako a ga zaki da giwa, a tsaya wajen mai hoto a ƙame. Ko a wannan rana aljihun Baba ba ya rasa ƙulli. Sai mun bi shi kasuwar Kurmi ya sayi turare da littafin da liman ya aiko a nemo, sai mun je ya gaida wani malaminsa a cikin lungu, muna tsugune a zaure muna ƙaguwa. Iyayenmu mata galibi suna gida suna karɓar masu yawon Salla, labari kawai ake kawo musu.

Wannan tsari yana da masu biyan kuɗinsa. Da aka buɗe makarantun UPE a 1976, yara mata da yawa ba su zauna a aji ba, domin in yarinya ta tafi boko farantin uwarta ya tsaya, in ya tsaya kuma babu kayan ɗaki. Ciwon da ya tashi ranar Litinin sau da yawa jiƙe-jiƙe ake yi masa ana jiran ranar da za a samu mai shiga gari. Mace mai naƙuda da abin ya zo da gardama a amalanke ake fitar da ita zuwa titi. Duk wanda ya ga wannan da idonsa ba zai yi wa babur da waya gori ba.

Yau hidimar ta sake fasali. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, ta ɗau 'yan shekaru ta iso ƙauyukanmu. Babura suka cika hanya, Jincheng da farko, daga baya Boxer. Koguna da Makoda da manyan garuruwan yankin duk akwai kantuna da kemis da masu POS, ba sai an jira Lahadi kafin a sayi gishiri ba. Amma uban yau bai fi na jiya hutu ba. An ƙara masa abin da Baba bai sani ba: kai yara makaranta da ɗauko su, layin rigakafi, sakatariya don takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, katin zaɓe, lambar NIN, neman taki, cajin waya. Abin da ake tarawa a yi a yini guda ya warwatse cikin mako, ya fita da safe, ya fita da rana, ya fita da yamma. Yana wuce gidajen da ubansa yake sauka, ya danna hon ya ɗaga hannu, su ma ba sa jin haushi don haka kowa yake yi. Yaron da ke bayansa a kan babur iska ce take dukan kunnensa, babu damar a nuna masa gonar kakansa. Barka da ta'aziyya da yawa a waya ake gama su, kuɗin biki ma ana turawa ta asusu, kodayake mata har yanzu sun fi ganin girman wadda ta zo da ƙafarta.

Shekarar 2023 ta nuna cewa tsohuwar dabarar ba ta mutu ba. A farkonta aka yi ƙarancin takardun naira saboda canjin kuɗi, aka wayi gari mai akuya ya kai ta kasuwa babu tsabar da za a ba shi. A ƙarshen watan Mayu kuma aka cire tallafin mai, kuɗin acaɓa ya tashi. Mutane suka kakkaɓe kekunan da suka jingine, aka koma tara buƙata a jira mai shiga gari. Mata suka koma haɗa saƙonsu wuri ɗaya, sai dai yanzu a waya suke kiran ɗan acaɓa su karanta masa, shi kuma ya rubuta a tasa wayar.

Ba kowane ɗan acaɓa ake kira ba kuwa. A kowane ƙauye akwai ɗaya ko biyu da lambarsu take wayar kowace mace, alhali ga wasu nan birjik a bakin titi suna jiran fasinja. Haka dā ma abin yake. Wanda saƙo yake dawowa daga hannunsa cif da canjinsa, shi ake sa wa shaidar cinikin gona, shi ake ba rabon zakka, shi ake nema ya karɓi auren marainiya. Na ji wata tsohuwa a garinmu tana gaya wa surukarta wanda za ta ba kuɗin kalwa a cikin samari biyu da suka tsaya a ƙofar gida. Ba ta tambayi wanda babur ɗinsa ya fi gudu ba, ba ta tambayi wanda ya fi sauƙin kuɗi ba. Cewa ta yi, "Ba wa ɗan gidan Malam na gabas. Kakansa shekara da shekaru yana yi mana kasuwa, kwabon kowa bai taɓa kwana a aljihunsa ba."